Daga Shizuoka zuwa Kure: Bin Sawun Jiragen da Teku Ya Haɗiye

Tafiyar kamar awa ɗaya ce daga Tokyo zuwa Shizuoka a jirgin ƙasa mai tsananin gudu da Japanawa ke kira Shinkansen. In sama ta washe, wanda ya zauna ta hannun dama zai ga dutsen Fuji tsaye shi kaɗai da farar ƙanƙara a ka, daga nan gonakin shayi su fara bayyana a kan tuddai. Da shayin nan aka fi sanin lardin. Amma duk wanda ya taɓa sayen kwalin samfurin jirgi ko na tankar yaƙi, ya juya gefensa ya karanta adireshin kamfani, ya san sunan Shizuoka ta wata hanya dabam. Fiye da kashi 80 cikin 100 na samfuran roba da ake yi a Japan daga lardin nan suke fitowa. Tamiya da Aoshima da Fujimi duk a cikin birnin suke, Hasegawa kuwa yana Yaizu, garin masunta da ke maƙwabtaka.

Ga wanda bai san abin ba, kwali ake saya, a cikinsa akwai gutattsarin roba bila adadin manne a jikin firam, da takardar zane mai nuna wanne ke hawa kan wanne. Kai za ka yanke, ka goge da sanfefa, ka manna da gam, ka yi fenti, har jirgi ya tashi a gabanka. Na daɗe ina wannan aiki a gida, da dare in ƙafa ta ɗauke, kuma babu abin da ya kama raina kamar jiragen ruwan yaƙin Japan na Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗan ƙanwata da ke karatu a ƙasar shi ya tarye ni, shi ne kuma tafintana daga farkon tafiyar har ƙarshenta.

Mutanen garin suna alfahari da sana'arsu, ba sa ɓoyewa. Akwai alamun hanya da aka ƙera da siffar firam ɗin roba, har akwatin jefa wasiƙa akwai wanda aka yi shi tamkar ba a gama yanke shi daga firam ba. Asalin abin kuwa sassaƙa ce. A nan Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa gidan sarautar da ya riƙe Japan fiye da shekara 250, ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, lokacin garin yana amsa sunan Sunpu. Gina fada da ɗakunan ibada ya jawo masassaƙa da masu fenti daga ko'ina, aiki ya ƙare suka ƙi komawa, 'ya'ya da jikoki suka gaji hannu. Daga kayan ɗaki aka gangaro kan samfuran katako. Kamfanin Tamiya da duniya ta sani yau, wurin tsaga katako ne da Yoshio Tamiya ya buɗe a 1946. Da roba ta shigo daga Amurka ta fara kashe kasuwar katako, samfurin roba na farko da suka fitar a 1960 shi ne jirgin Yamato, a ma'aunin 1/800. Bai yi kasuwa ba. Sai da suka koma kan tankar yaƙi kafin su farfaɗo.

Abin da ya kawo ni garin ya faro ne a 1971. A shekarar ne kamfanonin nan huɗu, waɗanda kishiyoyin juna ne a kasuwa, suka zauna suka yi shawarar fitar da rundunar ruwan Japan gaba ɗayanta a ma'auni guda, 1/700, suka raba jiragen a tsakaninsu ta hanyar ƙuri'a don kada kowa ya rungume masu farin jini ya bar wa ɗan'uwansa ragowa. Suka sa wa jerin suna Water Line, domin kowane jirgi an yanke shi daidai inda ruwa ke tsaya masa. Ba shi da ciki, ba shi da farfela; ƙasansa shimfiɗaɗɗen jan faranti ne da ɗan ƙarfe a ciki don nauyi. Ka ɗora shi a kan tebur, ka ga jirgi yana kan ruwa. Fujimi ya fita daga haɗakar a 1992, sauran ukun suka cike gurbin jiragensa, har yau kuma jerin yana nan.

A ganina hikimar ba ta wuce wannan ma'auni guda ba. Yamato mai tsawon mita 263 yana fitowa santimita 37 da rabi. Ɗan rakiya irin Yukikaze, mai mita 118 da 'yan kai, bai cika santimita 17 ba. In ka jera su gefe da gefe, girman da lissafi a littafi ya kasa shigar maka da shi a kai, idonka zai ɗauke shi nan take. Za ka ga kuma abin da ba ka zata ba, cewa jirgin dakon jiragen sama irin Akagi ya kusa kamo Yamato a tsawo, alhali babu igwa mai girman ta Yamato a kansa. Tarihin yaƙin tekun Fasifik yana cikin wannan jeri ga mai ido.

A ɗakin baje koli da ke kusa da tashar jirgin ƙasa na daɗe a gaban zanen kwalaye. Yawancin hotunan da ke kan kwalayen Water Line na farko aikin mutum ɗaya ne, Kihachiro Ueda, ɗan lardin, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 2016. Mai fenti ne kafin yaƙi. Aka ɗauke shi soja, aka sa shi cikin masu harbo jiragen sama a kan jiragen dakon kaya da sojoji, ya yi yawo daga tekun arewa mai sanyi har tsibiran kudu, yana zane a duk inda ya sami sarari. A 1944 bam ya same su a gaɓar Manila, hannunsa na dama ya mutu. Ya koyi zane da hagu. Da hagun nan ya zana ɗaruruwan jirage, kuma wanda ya lura zai ga launin ruwansa ba ɗaya ba ne: tekun arewa baƙi-baƙi ne mai nauyi, na kudu shuɗi ne mai haske, hayaƙin bututu yana kwanciya daidai da gudun jirgi da inda iska ta dosa. Ya ga abin da idonsa. Yara miliyoyi sun sayi kwali saboda kyan hoton, ba su san cewa mai zanen ya bar abokansa a ƙarƙashin ruwan da yake zanawa ba.

Washegari ɗan ƙanwata ya kai ni wani shago da ke da ɗakin aiki a baya, inda masu wannan sha'awa ke haɗuwa. Wani dattijo, ma'aikacin ofis da ya yi ritaya, yana kan samfurin Takao, ɗaya daga matsakaitan jiragen yaƙi masu manyan igwa, wanda aka sani da ƙatuwar hasumiyarsa. Ya ɗaura tabarau mai ƙara girma a goshi, gabansa fitila, hannunsa hantsaki mai bakin allura. Shingen ƙarfen da ke zagaye dandamalin jirgi yake sawa. Ba na roba ba ne, na tagulla ne da aka ci da sinadari har ya zama raga, tsayinsa milimita ɗaya da rabi. Ya ɗiga gam a kan wata 'yar takarda, ya tsoma tsinin waya a ciki, ya taɓa gindin shingen, ya riƙe numfashi, ya ajiye. Sai da ya saki hantsakin sannan ya numfasa. Bindigogin harbo jirgin sama da ya riga ya jera a faranti, kowace ba ta wuce ƙwayar gero ba, kuma kowace da bakinta uku.

Ya nuna mini yadda yake yin igiyoyin eriya. Ya yanko guntun firam ɗin da aka gama cire kaya daga jikinsa, ya juya shi a saman wutar kyandir har ya yi laushi, ya ja hannuwansa biyu a hankali, robar ta miƙe ta zama zare siriri. Tsohuwar dabara ce, ni ma da ita nake aiki, amma ban taɓa ganin wanda zarensa ke fita da kauri ɗaya daga farko har ƙarshe kamar nasa ba.

Na tambaye shi wane launin toka zai shafa. Ɗan ƙanwata ya saurara ya juyo ya ce, "Kawu, ya ce sai an fara sanin a wace ma'aikata aka yi wa jirgin gyara na ƙarshe." Gaskiyarsa. Rundunar tana da manyan ma'aikatu huɗu, Kure da Sasebo da Yokosuka da Maizuru, kuma kowace tana haɗa fentinta da ɗan bambanci. Tokar Kure ta fi ta Sasebo haske. Tamiya yana sayar da kowace a kwalbarta da sunanta. Haka daɓen jirgi: manya ana shimfiɗa musu katako, matsakaita da 'yan rakiya kuwa wata shimfiɗa ce mai launin ƙasa-ƙasa da ake dannewa da siraran tagulla a jere. Mai son gaskiya sai ya zana layukan tagullar nan ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce wannan ai wahalar da kai ne, wa zai gane? Amsar tana cikin abin da ya faru a watan Agusta na 1945. Da aka tabbatar an sha kaye, kafin sojojin Amurka su sauka, ofisoshin rundunar suka yi ta ƙona takardu, zane-zanen ƙira da hotuna. Jiragen kansu yawanci suna ƙasan teku. Nagato, babban jirgi ɗaya tilo na ajinsa da ya ga ƙarshen yaƙin yana kan ruwa, Amurka ta ja shi zuwa Bikini ta gwada bam ɗin nukiliya a kansa a 1946, ya nitse. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage aka yanka su aka narkar. Amurkawa suna da Missouri, Ingilishi suna da Belfast a kogin Landan, mutum ya sayi tikiti ya hau. Japan ba ta da ko ɗaya daga manyan jiragenta na wancan yaƙi. Abin da aka sani game da siffarsu tsinto shi aka yi: daga takardun da wasu injiniyoyi suka ɓoye, daga tarin hotunan da Shizuo Fukui, hafsan ƙira a rundunar, ya ƙare rayuwarsa yana tarawa, daga bakin waɗanda suka tsira, daga kyamarar da aka zura ƙasan ruwa. Saboda haka mai haɗa samfurin jirgin Japan rabinsa maƙeri ne, rabinsa mai binciken tarihi. Musun da suke yi a kan wurin zaman wata 'yar bindiga musu ne a kan shaida, kuma ina ganin girmansa.

Daga Shizuoka muka yi yamma. Muka wuce Nagoya da Osaka ba mu sauka ba, muka kwana a Hiroshima, na je na tsaya a gaban kangon ginin nan mai ƙubba da bam ɗin 6 ga Agusta 1945 ya bari. Da safe muka hau ƙaramin jirgin ƙasa mai bin gaɓa zuwa Kure, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Teku yana hannun dama, lumui, da tsibirai da ragar kiwon kawa. A zamanin yaƙi fasinja ba ya ganin wannan. In jirgi ya doso Kure ana umartar kowa ya rufe tagogin ɓangaren teku, an kuma kafa shinge a wuraren da ido zai iya leƙawa. Mutanen garin sun san ana ƙera wani abu mai girma a bayan rufin da aka yi wa ramin ƙira, amma ba a faɗa. A Nagasaki, inda ake ƙera Musashi, ƙanin Yamato, labulen igiyar kaba aka rataya kewaye da shi, har igiya ta yi wa masunta wuya a kasuwa.

Gidan tarihin da kowa ke kira Yamato Museum yana bakin ruwa, 'yar tafiya da ƙafa daga tasha. An buɗe shi a 2005. Kana shiga babban zauren, ga shi nan: Yamato a ma'aunin 1/10, tsawonsa mita 26.3, a cikin wani kwarmi, hasken rana yana zubo masa ta bangon gilashi. Gani ya kori ji. Na haɗa jirgin nan da hannuna, na san kowane lungu nasa a takarda, amma sai ranar na fahimci siffarsa. Daga gaba in ka tsaya, goshinsa yana buɗewa sama kamar fure, ƙasansa kuma ga wani ƙullutu da ke ƙarƙashin ruwa wanda ke rage turjiyar igiyar ruwa. Dandamalin ba miƙaƙƙe ba ne, yana gangarowa a hankali wajen igwa ta farko sannan ya sake hawa. Katakan daɓen ɗaya bayan ɗaya aka jera su. Akwai matakala da ke kai mutum ƙasa ya ga farfela huɗu, akwai kuma benaye da ake leƙowa daga sama, inda matuƙan jiragen Amurka suka gan shi.

Dalilin girman nasa lissafi ne. Yarjejeniyar Washington ta 1922 ta ƙayyade wa Japan uku a duk inda Amurka da Ingila ke da biyar-biyar. Da Japan ta fice daga yarjejeniyar, manyan hafsoshinta sun san ba za su iya yin tsere da masana'antun Amurka a yawa ba, sai suka zaɓi fifiko a girma. Sun lissafa cewa jiragen Amurka dole su ratsa mashigin Panama, wanda faɗin ƙofofinsa a lokacin mita 33 da rabi ne, don haka akwai iyakar da ba za su wuce ba. Yamato aka yi masa faɗin mita 38.9. Aka ɗora masa igwa tara masu bakin santimita 46, mafi girma da aka taɓa ɗora wa jirgin ruwa, kowace tana jefa harsashi mai nauyin kilo 1,460 zuwa nisan kilomita 42. Na'urar auna nisa da ke saman hasumiyarsa, mai faɗin mita 15, kamfanin da yau ake kira Nikon ne ya yi ta. An fara ƙirarsa a Nuwamba 1937, aka miƙa shi ga runduna ranar 16 ga Disamba 1941. Kwanaki kaɗan kafin nan jiragen saman Japan ɗin kanta sun ragargaza manyan jiragen Amurka a Pearl Harbor, sun kuma nitsar da Prince of Wales da Repulse na Ingila a gaɓar Malaya. Da hannunsu suka nuna wa duniya cewa zamanin babbar igwa ya wuce, a watan da suke karɓar mafi girmanta.

Wannan yana bayyana a jikin samfuri, shi ya sa mai haɗa Yamato dole ya fara zaɓar shekara. Na 1941 tsaf yake, da manyan bindigogi a kowane gefe na tsakiya da 'yan bindigogin harbo jirgin sama 24 kacal. A 1944 aka cire na gefen, aka cusa na harbo jirgin sama. Na Afrilu 1945, wanda ke cikin zauren, tsakiyarsa cunkushe take da bakunan bindiga fiye da 150 suna kallon sama. Tsoro ne aka ƙera da ƙarfe. Har yanzu kuma ana gyara sani. An gano gawar jirgin a 1985 a zurfin mita 340 da wani abu, kudu maso yamma da Kyushu. Binciken da birnin Kure ya sa aka yi a 2016 ya auna tambarin furen kiku na gidan sarauta da ke goshinsa, aka tarar faɗinsa mita ɗaya ne, ba ɗaya da rabi ba kamar yadda aka daɗe ana ɗauka. A ma'aunin 1/700 bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma masu sana'ar sun ɗauke shi da muhimmanci.

A ɗakin da ke gefen zauren murya takan ragu. Nan aka jera hotunan ma'aikatan jirgin da wasiƙun da suka rubuta wa iyaye da mata. Ranar 6 ga Afrilu 1945 Yamato ya tashi zuwa Okinawa tare da matsakaicin jirgi Yahagi da 'yan rakiya takwas, babu jiragen sama da za su kare su. Kwamandan tawagar, Seiichi Ito, ya nuna rashin amincewarsa da shirin tun farko, daga baya ya karɓi umarni. Washegari jiragen saman Amurka kusan 400 suka sauko musu. Bama-bamai masu ninƙaya aƙalla 10 suka shige shi, yawancinsu ta hagu, ya karkata, ya kife, rumbun harsashinsa ya fashe da ƙarfe 2:23 na rana. Mutum 3,332 ne a cikinsa, 276 suka tsira. Amurka ta rasa jiragen sama 10 da mutum 12. Na tsaya ina duban fuskokin. Da yawa ba su kai ɗan ƙanwata shekaru ba. Shi ma ya daina fassara, ya ce, "Kawu, wannan uwarsa yake ba haƙuri," ya yi gaba.

A zaure na gaba akwai jirgin sama samfurin Zero, da Kaiten, bam mai ninƙaya da aka yi wa wurin zaman mutum ɗaya, wanda in an harba shi ba ya dawowa. Ana sayar da samfurinsa a shaguna. Ban taɓa saye ba, ba kuma zan saya ba.

Da la'asar muka hau tudun da ake hango ma'aikatar daga kansa. An cike ramin da aka ƙera Yamato a ciki, amma rufin da aka yi don ɓoye shi yana nan, kuma har yau jirage ake ƙerawa a wurin. Bayan yaƙi wani kamfanin Amurka ya yi hayar ma'aikatar, injiniyoyin da suka koyi aiki a kan jiragen yaƙi suka juya ga jiragen dakon mai, suna haɗa su gunduwa-gunduwa kamar yadda aka fara gwadawa a zamanin Yamato. A 1975 aka gama Nissei Maru a nan, mai ɗaukar tan fiye da 480,000. Daga tudun muka gangara maƙabartar sojojin ruwa ta Nagasako, inda kusan kowane jirgin Kure da ya nitse yake da dutsen tunawa da waɗanda suka tsira suka kafa. Na bi layi ina karanta sunayen da na sani daga kwalaye. Wasu duwatsun akwai sabon fure a gindinsu.

A nan ne ya kamata in faɗi abin da kwali ba ya faɗa. Cikin jiragen da aka nitsar a wannan gaɓa a hare-haren ƙarshen Yuli 1945 akwai Tone, wanda ya zauna a ruwa marar zurfi kusa da tsibirin Etajima. Masu haɗa samfuri suna ƙaunarsa, ni ma haka, domin babu mai siffarsa: manyan igwoginsa duka an tara su a gaba, bayansa an bar shi fili don jiragen leƙen asiri. A watan Maris 1944 Tone ya nitsar da wani jirgin kasuwanci na Ingila mai suna Behar a tekun Indiya, ya tsamo mutanen cikinsa, Turawa da Indiyawa. Bayan kwanaki aka fito da kimanin 70 daga cikinsu kan wannan fili na baya da dare, aka kashe su. Bayan yaƙi kotun soja a Hong Kong ta yanke wa kwamandan tawagar, Naomasa Sakonju, hukuncin kisa. Wanda zai ɓata mako yana neman ainihin launin daɓen Tone, wajibi ne ya san abin da aka zubar a kan daɓen. Neman gaskiyar da ya sa muke auna tambari da milimita bai kamata ya tsaya a kan ƙarfe ba.

Tekun Indiyan nan kuwa bai yi mana nisa ba. Ta cikinsa aka bi da dubban samarinmu a 1943 da 1944, sojojin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, zuwa Indiya, daga can zuwa dazukan ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda suka gwabza da sojojin Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Hausa ce harshen bariki a tsakanin yawancinsu. Sunayen barikin Chindit a Zariya, da Dalet a Kaduna, da Myohaung a Legas, duk daga wancan yaƙi aka samo su. Ɗan ƙanwata ya sha wucewa ta gaban na Zariya bai san haka ba. Jiragen ƙarƙashin teku na Japan suna farauta a hanyar da aka bi da su. Ranar 12 ga Fabrairu 1944 ɗaya daga cikinsu, I-27, ya nitsar da Khedive Ismail kusa da tsibiran Maldives, ɗauke da sojojin igwa na Afirka ta Gabas da ma'aikatan jinya mata, mutum kusan 1,300 suka mutu. Namu Allah ya ƙetarar da su. Da ƙaddara ta karkata kaɗan, da wasu gidaje a Kano da Katsina da Bauci suna da wani labarin dabam game da 'yan jiragen da nake jerawa a kabad.

Duk da haka ban bar Kure da niyyar daina aikin ba, akasin haka ma. Jirgin da aka manta siffarsa, an manta mutanen cikinsa da waɗanda ya kashe gaba ɗaya. Baƙon da ya shigo ɗakina ya nuna wani jirgi ya ce wannan fa, ya ba ni ƙofar ba shi labarin duka, mai daɗi da marar daɗi.

Zangon ƙarshe Yokohama ne, kafin in kama hanyar gida. A bakin lambun Yamashita akwai jirgi na gaske da ya ga yaƙin ya fita, Hikawa Maru. Jirgin fasinja ne da aka gama a 1930 don zirga-zirga tsakanin Japan da Seattle. Rundunar ruwa ta karɓe shi a 1941 ta mai da shi jirgin asibiti. Sau uku yana taka nakiya bai nitse ba. 'Yan'uwansa biyu da aka ƙera su tare, Hie Maru da Heian Maru, waɗanda aka sa su hidimar jiragen ƙarƙashin teku da dako, duka sun tafi. Ma'aikatan jiragen kasuwanci na Japan fiye da 60,000 ne suka mutu a yaƙin, a irin jiragen da Ueda ya yi aiki a kansu, kuma ba kasafai ake tunawa da su ba in ana zancen Yamato. Bayan yaƙi Hikawa Maru ya yi ta kwaso sojojin da suka maƙale a tsibirai, ya koma hanyarsa ta Seattle har 1960, aka ɗaure shi a nan a 1961.

Na sauka har ɗakin injinsa, na taɓa shingen dandamali da hannuna, na ɗauki hoton yadda aka rataye kwale-kwalen ceto da yadda igiyoyi ke sauka daga sanda, abubuwan da takardar zane ba ta nunawa sosai. Hasegawa yana da samfurinsa a jerin Water Line, santimita 23 da ɗan ɗori, na saya a wani shago a Tokyo tare da shingen tagulla da hantsaki sabo. Gam da fenti ban saya ba, tunda ba a yarda a hau jirgin sama da su, sai in nema a gida. Kamanninsa na asibiti zan yi, farin jiki, koren layi daga goshi har baya, da jan gicciye a bututun hayaƙi da gefuna. Zan jira hunturu ya wuce tukuna, domin farin fenti ba ya shiri da ƙura.